Minti Uku na Alhaji Sule

Duk lokacin da matashi ya tambayi sana'ata na ce masa ni magatakardan kwamitin amintattu ne na wata kwalejin al'umma a nan New York, sai ya yi mini irin murmushin da ake yi wa mai gadin maƙabarta: aiki ne dai, amma waɗanda kake yi wa hidima ba sa motsi. Wani ɗan abokina da ya gama digiri bara ya taƙaita mini sana'ar a jimla guda. Ya ce, "Wato Baba, zama kake kana rubuta abin da wasu suka faɗa." Na ce masa haka ne. Likitan tiyata ma ai yankan nama yake yi.

Bari in fara da kwamitin kansa, tunda a gida ba mu san kalmar ba sai a bakin 'yan siyasa, inda ake tara dattawan da aka rasa muƙamin da za a ba su. Kwalejin al'umma makaranta ce ta shekara biyu, mai sauƙin kuɗi, ƙofarta a buɗe ga direban tasi da mai jinyar tsofaffi da wanda ya bar aji yana saurayi ya dawo da furfura. Irinta sun yawaita bayan babban yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka dawo suna neman karatu aka rasa inda za a zuba su. Tun farko aka ga bai kamata a bar makaranta a hannun gwamnati kai tsaye ba, bai kuma kamata a bar wa malamai ita ba, domin su biyun an san halinsu. Sai aka ɗora ta a wuyan mutanen gari. Gwamna ya naɗa wasu, magajin gari ya naɗa wasu, ɗalibai su zaɓi nasu. Ba a biyansu. Su ke ɗaukar shugaban kwaleji, su ke sallamarsa. Su ke buɗe sashe, su ke rufe shi. Da can karatun kyauta ne, sai da birnin ya kusa tsiyacewa aka zauna a irin wannan tebur aka ɗaga hannu aka sa masa farashi. Takardar shaidar da ɗalibi ke rungumewa ya ɗauki hoto, ba ta zama shaida sai sun kaɗa mata ƙuri'a.

Na koyi aikin a hannun Misis Brenan, wata tsohuwar Baturiya siririya mai warin taba da alewar minti. Na zo daga Zariya da taƙamar na koyar da adabi a kwalejin horon malamai, saboda haka bayanin taron da na fara rubuta mata na zuba masa duk abin da na sani. Na rubuta cewa wane ya miƙe cikin fushi, wance ta mayar masa da martani mai zafi. Ta karanta, ta ɗauki jan biro, ta bi shafi uku ta soke, ta rubuta kalma biyu a ƙasa: an tattauna. Ta ce, "A takardarmu babu mai fushi. Akwai wanda ya kawo shawara, da wanda ya goya masa baya, da yadda ƙuri'a ta tsaya. Sauran ka kai wa matarka." Shekara guda na yi tana cire mini siffofi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kafin ta yarda in zauna a gefen shugaba ni kaɗai.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai gudumar katako da faifanta, wadda shugaba ke bugawa, ni kuma in kulle ta bayan taro, domin an taɓa yin shugaban da ya tafi da ita gida jikansa ya fasa gyaɗa. Akwai allunan suna, kuma jera su ilimi ne da babu shi a littafi. Mutum biyu da ba sa ga maciji ba a zaunar da su kusa da juna, ba a kuma sa su fuska da fuska, wannan ya fi muni. Mai nauyin ji a kusa da shugaba. Mai yawan magana a bayan ginshiƙi, in ɗakin yana da shi. Akwai butocin ruwa, ba ƙanƙara, don makirufo na ɗaukar ƙararta. Misis Brenan ba ta cika su taf. Ta ce wanda ya sha da yawa zai tashi, wanda ya tashi kuma da ƙuri'arsa ya fita.

Wata ranar dusar ƙanƙara Misis Brenan ta tura ni da tasi in ɗauko wani amintacce daga kujerar likitan haƙori. Na kawo shi bakinsa cike da auduga, bai iya cewa komai ba har aka tashi, kuma babu wanda ya bukaci ya ce. Jikinsa ake so. Doka ta ce sai fiye da rabin mambobi suna cikin ɗaki taro ke zama taro. Wannan shi ake kira kworam. In aka rasa mutum ɗaya daga adadin, ko ana tsakiyar jimla ne, dole magatakarda ya miƙe ya sanar, shugaba ya buga guduma, a dakata. Rabin rayuwata ƙirgen kawuna ce. Ko a ɗaurin aure na shiga, idona sai ya ƙirga.

Darasin da ya fi nauyi shi ne na dokar buɗaɗɗen taro. Makarantar ta jama'a ce, saboda haka duk abin da aka faɗa a zaman kwamiti mallakar jama'a ne. Da ka furta, maganar ta bar hannunka. A zamanin Misis Brenan kaset muke naɗa, mu zuba a kwali a ɗakin ƙasa, ɓera kaɗai ke ziyartarsu. Daga baya aka kawo kamara, aka ce a watsa taro kai tsaye, a kuma ajiye shi a shafin kwaleji kowa ya gani. Ba ni da ikon cire ko tari ɗaya daga ciki. Shugaba ma ba shi da shi.

Bayan amintattu, abokan hulɗarmu na biyu su ne jama'a. Kafin a kaɗa ƙuri'a a kan babban al'amari, duk wanda ya ba da sunansa ana ba shi minti uku a gaban makirufo, da agogo mai fitila a gabansa, kore sannan ja. Na ga malaman falsafa sun rasa bakin magana a wurin. Na ga wata mai shara ta sa lauyoyi sunkuyar da kai. Akwai wani tsoho da ya yi shekaru yana zuwa kowane wata don ya yi ƙorafi a kan tantabarun da ke ɓata masa mota. Ba a katse kowa kafin fitila ta yi ja. Ko zaginka yake, nasa ne minti ukun.

Mummunar shekarata ita ce wadda aka tsananta kamen baƙi marasa takardar zama. Ba sai na bayyana wa mai karanta Hausa a birnin nan yadda ta kasance ba. Sahun masallatan Harlem ya rage. Mutane suka daina amsa ƙwanƙwasar ƙofa. Ana ganin farar mota ta daɗe a bakin titi, sai wayoyi su fara ƙara daga bene zuwa bene. A cikin wannan hali ne shugaban kwaleji ya kawo shawarar rufe reshenmu na yamma da ke kusa da unguwar Port Richmond, a tsallaken ruwa, wasu 'yan ajujuwa a saman wani kanti, inda masu aikin rana ke karatu bayan magariba.

Ana saura mako guda a zauna, wata budurwa ta leƙo ofishina. Ta ji an ce akwai Bahaushe a wurin. Sunanta Sa'adatu, 'yar Zangon Kumasi, tana zaune a unguwar Park Hill, can tsallaken ruwan. Da rana tana jinyar wata tsohuwa, da yamma tana koyon aikin gwajin jini a wannan reshe. Muka gaisa har gida, sannan ta ce shugaban jama'arsu, Alhaji Sule, ya ce kowa ya fito ranar taro, ba uzuri.

"Kawu, ana duba kati a ƙofa?"

"Ba a dubawa."

"Ana rubuta sunan wanda ya zo?"

"Sai wanda zai yi magana. Ki zauna a baya ki yi shiru. Kamara ma mai magana take kallo."

Ba ta gaya mini dalilin tambayar ba, ban kuma nema ba. A shekarar nan tambayar kanta ta ishi mutum.

Ranar taro, da la'asar, na ƙirga kawuna na tarar mun cika cif, babu rarar ko mutum ɗaya. Amintattu da dama sun tuna suna da jikoki marasa lafiya, domin babu mai son a ga fuskarsa ranar rufe makaranta. Mutanen Park Hill kuwa sun hau bas, sun hau jirgin ruwa, sun hau jirgin ƙasa, sun zo sun cika layuka biyu. Alhaji Sule na gaba, babbar riga fara, dogon mutum, tsohon direban tasi wanda muryarsa ba ta bukatar makirufo. Sa'adatu na ƙarshen layi na biyu, jikin bango.

Da aka kira shi ya fara da Turanci, ya yi jimla biyu, ya ce Turancinsa na titi ne, ba na gaban manya ba, zai yi da harshensa. Shugaban kwamitin, wani lauya mai ladabi, ya waiwayo ya ce in ya gama sai in taƙaita musu. Na ce to. Zan kawo maganar Alhaji da Hausar da na saba, domin in na bi ta Zango, wadda ba ta ware mace da namiji, malaman makaranta irina za su ɗauka ni ne ban iya ba.

Ya yi salati. Ya gai da shugaba da na damansa da na hagunsa. Ya gai da ni, ya ce ɗan'uwanmu malamin Zazzau, Allah ya ƙara girma. Har nan babu abin da ya dame ni sai agogo. Sannan ya juya wajen jama'arsa, sai na tuna abin da ya kamata in tuna tun makon jiya. A wurinmu babba ba ya zuwa gaban manya da mutane a bayansa ya bar su ba suna. Rashin mutunci ne gare su, raini ne ga waɗanda aka zo wa. Dole ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya sa ya cancanci a saurare shi.

"Tashi, Abdurrahman. Wannan ɗan ƙasa ne, ya yi rantsuwa, bas yake tuƙa muku. A makarantar nan ya koyi lissafi."

Abdurrahman ya miƙe. Mai kamara, wanda bai ji ko kalma ba, ya ga an nuna mutum ya tashi, sai ya juya ta kansa. Haka aka koya masa.

"Tashi, Mariya. Wannan koren katin zaman ƙasa gare ta, 'ya'ya uku, ba miji. Tashi, Yakubu. Wannan takardarsa na gaban alƙali, ana jira."

Alhaji bai yi karatu ba, amma ya san tsarin hujja fiye da ɗaliban da na koyar. Daga mai ƙarfin takarda ya fara, yana gangarowa zuwa mai rauni, don ya ajiye abin da zai karya zuciya a ƙarshe. Na bi layin da ido zuwa bango. Sa'adatu ta ja mayafi har goshi. Ba ta da hanyar fita sai ta tsallake gwiwoyin mutane, kuma 'yar da aka yi wa tarbiyya ba ta tashi ta fice babba na magana.

Ga abin da ke hannuna a lokacin. Makirufo ba ni ke kashe shi ba, kuma ko an kashe, muryar Alhaji za ta kai. Shugaba ba zai katse shi ba, fitila kore ce. In na ɗaga murya na ce Alhaji kada ka faɗa, na nuna ta da yatsa kenan a gaban kamara, shi kuma zai tambaye ni dalili da ƙarfi. Abu ɗaya ne ke rufe kamara: a dakatar da taro. Abu ɗaya kuma ke tilasta a dakatar nan take: rashin kworam.

Amintacciyar da ta fi kusa da ni a tebur ita ce Misis Odel, tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga tsibiran Karebiya, mai ciwon gwiwa da sanda. Na ɗauki buta kamar zan ƙara mata ruwa, na sunkuya.

"Madam, ki fita daga ɗakin nan yanzu."

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ki fita, don Allah. A waje zan gaya miki."

Ta dube ni ta saman tabarau. Shekaru tana ganina, ban taɓa roƙonta ko biro ba. Ta dubi Alhaji, ta dubi layin mutanen da ke tashi ɗaya bayan ɗaya. Ta lalubo sandarta.

Matashin da ke ganin aikin nan zama ne, ina so ya zauna inda na zauna a wannan lokaci. Doka ba ta ce mamba ya fita ba sai ya ƙetare ƙofa. Ɗakin dogo ne. Misis Odel ta miƙe a hankali kamar ana buɗe tsohuwar laima. Sanda ta sauka, ƙafa ta bi, ɗaya ƙafar ta biyo. Alhaji ya gabatar da wani tela. Sanda ta sauka. Ya gabatar da wasu 'yan'uwa biyu a haɗe, abin da ya rage mini lokaci. Ta kai rabin hanya, sai wani amintacce mai kirki ya miƙe zai taimaka mata, suka tsaya suna a'a na gode, a'a ba komai.

"Na ajiye muku wadda ta fi kowa a ƙarshe," in ji Alhaji. "Yarinyar nan bizarta ta mutu tun tuni. Ba ta da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Amma ba ta taɓa fashin aji ba, gwajin jini take koyo, daga Park Hill take zuwa cikin sanyi. In kun rufe, ina za ta? Tashi su gan ki, Sa'adatu."

Ƙofa ta rufe bayan Misis Odel. Na miƙe na ce, "Shugaba, babu kworam." Guduma ta sauka. Allon talabijin da ke bango ya koma tambarin kwaleji. Amma kafin ya koma, na ga abin da ya nuna: mayafi ruwan toka, hannu a kan baki, da rabin fuska.

A baranda Alhaji ya tare ni, rigarsa na kaɗawa.

"Malam, kai ma ka zama Bature? A gaban yarana za a buga mini katako? Fitilar ma ba ta yi ja ba, ina kallo!"

"Alhaji, zo nan gefe."

"Ba inda za ni. Faɗi a nan."

Na rage murya na ce masa kamarar nan ba ta ɗakin kaɗai ba ce, duk mai waya a duniya yana iya gani, yau da gobe da shekara goma.

"To ai da Hausa na yi. Wa zai ji? Waɗannan ko sannu ba su sani ba."

"Ba a gogewa, Alhaji."

"Don su ji tausayi na faɗa. In ba a faɗi ciwo ba, ta ina za a ba da magani?"

"Na sani. Ba a gogewa."

Sannan ya nemi benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, da ƙaramar muryar da ban san yana da ita ba, "Ubanta a hannuna ya sa ta. A tashar mota, a Kumasi."

Sa'adatu ta fito ta tsaya nesa da kowa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kawu, ka ce mai magana kaɗai take kallo." Na ce haka na ce.

Misis Odel na jingine da bango tana haki. Da na fassara mata, ta ce a goge wurin, ita za ta ɗauki alhaki. Na bayyana mata abin da ta riga ta sani. Ba a taɓa rikodin sai da ƙuri'ar kwamiti a buɗaɗɗen zama, da dalili a rubuce, dalilin kuma ya shiga shafin kwaleji da Turanci. Duk hanyar da za a bi a ɓoye maganar sai ta bi ta tsakiyar kasuwa. Ta buga sanda a ƙasa ta faɗi wata kalma da ba ta shiga bayanin taro.

Aka koma. Alhaji ya ƙarasa da Turancinsa na titi, jimla uku, shugaba bai sake neman fassara ba. Aka miƙa batun reshen ga ƙaramin kwamiti, wanda a harshenmu yana nufin an kwantar da shi a asibiti. Reshen ya rayu shekara biyu, abin da ya ishi Sa'adatu ta gama. A takarda na rubuta cewa wani ɗan unguwa ya yi magana a kan shawarar, an dakata na ɗan lokaci saboda rashin kworam.

Abu biyu suka kare Sa'adatu. Na farko Hausa. Na biyu gundura, domin ban taɓa haɗuwa da mai hankalin da ya zauna ya kalli taron amintattu don nishaɗi ba. Duk da haka ta bar Park Hill a watan, ta koma wani ɗaki a Harlem, ta canza lambar waya, ta daina zuwa suna da biki. Alhaji ya sauka daga shugabancin jama'a ba tare da ya faɗi dalili ba. Ni kuma tun daga ranar na ƙara wa aikina abin da babu shi a takardar ɗaukata. Kafin kowane taro ina tsayawa a ƙofa, in na ga dattijo da mutane a bayansa, ko Basanagale ne ko ɗan Bangaladash, sai in ja shi gefe in ce masa a nan ba a gabatar da kowa. Wasu suna jin haushi. Ina barinsu su ji.

Sa'adatu takan kira ni jefi-jefi. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Rikodin yana nan?" In ce yana nan. Ta ce to, a gai da gida. Ta sami shaidarta, amma babu asibitin da zai ɗauke ta ba takarda, sai ta ci gaba da juya tsofaffi a gado.

Bara aka kawo mana sabuwar shugabar sashen na'ura, matashiya mai fara'a da ƙwazo, irin waɗanda ke gyara abin da bai lalace ba. Wata safiya ta shigo ofishina da kwamfuta a buɗe, tana murna. Ta ce an sa na'ura ta bi duk tsofaffin tarurruka ta rubuta abin da aka faɗa, ta fassara kowane harshe, don kurame su amfana, don kuma kowa ya iya buga kalma ya nemo ta. Abu ne mai kyau, ban musa ba. Ta ce ta tanadar mini tsaraba: ta samo wani wuri da aka yi magana da harshena.

Ta danna. Ga Alhaji Sule da farar riga. A ƙasansa rubutu na gudu da Turanci mai tsabta, wanda ko Misis Brenan ba za ta sami abin sokewa ba. Na'urar ba ta yi tuntuɓe da Hausar Zango ba. Ta kawo bizar da ta mutu, ta kawo Park Hill, ta kawo gwajin jini, ta rubuta sunan daidai. Na ga murmushin matashiyar yana janyewa tana karantawa. Ta ce za ta cire. Na tambaye ta tun yaushe aka ɗora. Ta ce tun farkon mako. Na tambaye ta ko cirewa na bukatar dalili a rubuce. Ta ce yana bukata.

Na kira Sa'adatu a ranar. Wannan karon ba ta tambaya ba, ni na faɗa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wato yanzu in an buga sunana zai fito." Na ce in an buga. Ta ce, "To, Kawu." Kafin watan ya ƙare ta sayar da gado da tukwane, ta sayi tikitin da ba shi da dawowa. Alhaji ne ya kai ta filin jirgi da motar ɗansa. Tafiyarta ce ta sa na iya rubuta wannan, shi kuma Alhaji ya ce in rubuta, in sa sunansa, kada in rage.

Ta kira ni daga Kumasi bayan sallar layya. Ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti, tana ɗibar jini, ana ce mata 'yar Amurka. Ina jin hayaniyar titi da kiran masu talla a bayanta. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi gwiwar Misis Odel. Sannan ta ce matar da suka zauna tare a Harlem ba ta ɗaukar wayarta, ko na ji wani labari.

"Wane iri?"

"Bayan na tafi. Masu kame sun zo nemana?"

Na riga na bincika, domin na san za ta tambaya. Na ce, "Ba su zo ba."

"Park Hill fa?"

"Can ma."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Sa'adatu."

Wata mota ta yi oda a can nesa. Sannan ta ce, "To. Kada ka gaya wa Alhaji."